Farar Rigar da Ta Ci Gonar Baba

Gonar tana bakin hanyar da ta tashi daga Zango ta nufi Baure, hannun dama, inda wani tsohon gawo yake tsaye. Kakanmu ne ya sare ta. Ita Baba ya jinginar wa Alhaji Isiya mai sayen gyaɗa aka haɗa mini kuɗin jirgi da na takardu. Jingina kuwa kowa ya san ƙa'idarta a wajenmu: ka karɓi kuɗin mutum, shi kuma ya riƙa noma gonarka har ranar da ka mayar masa da abinsa. Baba ya ce damina biyu kawai za ta yi a hannun Alhaji. Ni da bakina na ce masa ɗaya ma ta isa. Allah ya yafe mini wannan baki nawa.

Mutane kan tambaye ni yadda ɗan Zango ya samu shiga Amurka. Ba wayona ba ne. Ni ɗan fari ne, kuma da cikina ya tsufa Inna ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, can wani ƙauye a ƙasar Magarya, a can aka haife ni. Wannan takardar haihuwa ta Nijar ita ta ba ni damar shiga ƙuri'ar bizar Amurka, wadda aka cire 'yan Najeriya daga cikinta, ƙuri'a kuma ta faɗo kaina. A lokacin na yi shekara shida ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙasar Baure. Na yi allura, na ɗinke saran fartanya, na ɗaura ruwa ga yaran da amai da gudawa suka kwantar. Na ɗauka duk inda na je da wannan hannu nawa za a ce mini maraba.

Ba wanda ya ce mini maraba. A wani gari na jihar Ohayo na sauka, na kai takardata ta makarantar kiwon lafiya ofishi uku, kowa ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini da murmushi. Murmushin mutanen nan ya fi zagi ciwo, wallahi. Ƙarshe dai a wani katafaren sito na samu aiki, ina ɗaga kwalaye daga safe har la'asar, mu huɗu a ɗaki guda, ni da wasu 'yan Senegal biyu da wani Basomale mai minshari kamar injin niƙa. Abin da nake samu, in na biya haya na ci abinci na aika wa Inna ɗan na cefane, sai ya zama ba ragowar da za a ce ta gona ce. Damina ta farko ta wuce a haka, Alhaji Isiya ya kwashe geronsa.

A masallacin Juma'a na gamu da Ɗanjuma. Ina neman takalmina na ji an ce, "Kai, wannan tsayuwar ta ɗan Daura ce!" Na waiwaya kamar an kira ni daga gida. Wata tara ban ji Hausa daga bakin da ke gabana ba. Mutum ne mai ƙiba, mai agogo, ya ce shi Bakano ne, shekararsa ashirin a ƙasar. Ya kai ni gidan abinci ya saya mini shinkafa da naman rago, na ci har ina jin kunya, na kuma kwance masa cikina kaf.

"Malam Lawal, kana wasa da kanka," in ji shi. "Mai hannu irin naka yana ɗaukar kwali? Akwai ƙaramar kwaleji a nan garin, irin ta talakawa. Shekara ɗaya da 'yan watanni ka fito da takardar ƙaramin nas. Albashin wata biyu ka fanshi gonar nan, har ka sayi ta kusa da ita."

"Da wane kuɗin zan yi karatun?"

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wa ya gaya maka da kuɗi ake karatu a nan? Bashi ake ci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Likitocin da kake gani da manyan motoci, duk da shi suke yawo."

Na ce masa da kuɗin ruwa fa, ni ubana ko lamuni na taki bai taɓa karɓa ba saboda ruwan da ake ɗorawa. Ya ce lalura ce, malamai sun yi magana a kai. Ban tambaye shi waɗanne malamai ba, don ba na son jin amsar.

Shi ya zauna kusa da ni muka cike takardun a kwamfuta. Bashin gwamnati ya isa kuɗin makaranta da littattafai, har da ɗan saura. A nan ya kamata in tsaya. Amma Ɗanjuma ya ce in karatu ya yi zafi zan rage awannin sito, to me zan ci? Kuma ba a zuwa asibitin koyon aiki a ƙafa, dole sai da mota. Ya buɗe mini shafin wani kamfani mai ba ɗalibai bashi, ya ce in karɓi iyakar abin da za su bayar. Rubutu ne shafi kan shafi, ƙanana kamar ƙwan kifi. Ya ce, "Danna nan. Danna nan. Sa sunanka nan." Ni da ko akuya ba na saya sai na buɗe bakinta na duba haƙora, na sa hannu a kan dala dubu ashirin da ɗoriya cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba.

Da kuɗin suka shigo, sai ga shi ashe yana da mota ta sayarwa. Wai ta matarsa ce, saboda zumunci zai bar mini. Ta yi mini wata huɗu. Ranar da ƙanƙara ta fara sauka sosai ta mutu a tsakiyar titi, makanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce tsatsa ta cinye ta tun tuni, gyaranta ya fi kuɗinta. Na kira Ɗanjuma sau goma sha ɗaya. Daga baya na ji ya koma wata jiha. Na tsine masa a ranar, na tsine masa washegari, har yanzu ma in na tuna agogon nan nasa sai na sake tsine masa. Dole na sake ɗaukar wata motar a kan biyan wata-wata, bashi na uku ke nan.

Karatun kansa bai ba ni tsoro ba, Turancinsu ne ya wahalar da ni, suna magana kamar da ruwan zafi a baki. Yara sa'annin ƙannena su ne abokan ajina, da wasu mata masu 'ya'ya da suka gaji da aikin kanti. Kwana uku a mako muna asibiti tun da sassafe muna koyon aiki, ba ko kwabo. Malamarmu ta tsaya a kaina tana nuna mini yadda ake riƙe sirinji. Ni! Na haɗiye, na ce na gode. Abincina a wannan shekarar burodi ne da man gyaɗa na kwalba, kuma duk lokacin da na buɗe kwalbar sai ƙamshin ya kai ni gindin gawon nan, lokacin cirar gyaɗa, Baba yana faɗa wai mun bar rabi a ƙasa. Na sha kuka a cikin mota a filin ajiye motoci na kwalejin, ba na ɓoyewa.

Damina ta biyu ta wuce, ta uku ta kama. Na gama.

Ranar bikin gamawa aka ce kowa ya sa fararen kaya. Na sa farar riga, na rataya abin sauraron ƙirji a wuya, wata 'yar ajinmu ta ɗauke ni hoto a gaban tuta. Na aika wa ƙanena Sani, wanda shi ne ke tare da su Baba a gida. Ban rubuta komai a ƙarƙashin hoton ba. Da yamma ya kira ni, ina jin hayaniya a bayansa, ya ce maƙwabta sun cika zaure ana ta karɓar wayar hannu zuwa hannu. Sai ya ce ga Baba.

A nan sai na yi bayani, don wanda ba ɗan fari ba ba zai gane ba. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. Alkunya ce ta ɗan fari, haka aka tarar. In yana nemana sai ya ce "kai", ko ya ce da Sani, "Ina yayan naka?" Sani yana hawa cinyarsa, ni ko haɗa ido ba ma yi. Ban taɓa jin haushi ba, amma kuma ban taɓa daina jira ba.

Ya yi gyaran murya, ya ce, "Likita."

Na ɗauka da wani yake a zauren.

"Likita, kana jina? Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya."

Abin da ya kamata in ce a bayyane yake. Baba, ba likita ba ne, ƙaramin nas ne, ko lasisin ma ban samu ba tukuna, kuma wuyana cike yake da bashi mai ruwa. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Amma shekara talatin da uku ina jiran mutumin nan ya kira ni da wani suna, ga shi ya samu wanda zai iya faɗa ba kunya. Na ce, "Amin, Baba." Daga ranar ban sake zama "kai" ba. Kullum Likita.

Takardar kwaleji ba ta ba mutum aiki sai ya ci jarrabawar lasisi. Na biya kuɗi na zauna, na faɗi. Tambayoyin ba na wanda ya san aiki ba ne, na wanda ya san yadda suke tunani ne: amsa huɗu duk daidai, wai ka zaɓi wadda ta fi daidai. Kafin in sake zama sai da na jira, na sake biya. A tsakanin nan na samu aikin mataimaki a wani gidan tsofaffi, ina yi musu wanka, ina canza musu ƙunzugu, ina ba su abinci a baki, a kan kuɗin da bai fi na sito da komai ba. Ana cikin haka watannin sassauci da ake ba wanda ya gama karatu suka ƙare, wasiƙu suka fara zuwa. Na gwamnati da ladabi suke zuwa. Na kamfanin nan kuwa, da na zauna na karanta da kyau, sai na ga tun ranar da na danna wurin da Ɗanjuma ya nuna ruwan yake hawa, ina aji yana hawa, ina barci yana hawa. Abin da ake bina ya fi abin da na karɓa da nisa. Na kasa biyan wata uku, suka ɗora tara, na rufe ramin da katin bashi na banki.

A gidan tsofaffin nan na haɗu da Hajiya Memuna, babbar nas mai cikakken lasisi, 'yar Kumasi. Hausarta irin ta mutanen Gana ce, ba ta bambance mace da namiji, sai ta ce "matar nan ya faɗi", in yi ta dariya tana jifana da biro. Ita ta riƙa zama da ni lokacin hutun rana tana yi mini tambayoyin jarrabawa har na ci a zama na biyu. Ita ta yi magana aka ba ni aikin nas a wurin. Ranar Juma'a takan kawo mini tuwo da miyar kuka a roba, ta ce, "Ci, ƙanena, ka rame kamar sanda." Duk ƙasar nan ba wanda ya yi mini alheri kamar matar nan, Allah ya saka mata.

Ranar da albashina na farko na nas ya fito, na ga adadin da ke sama, na ce alhamdu lillahi, gona ta dawo. Sai na bi takardar zuwa ƙasa. Haraji na tarayya, haraji na jiha, haraji na gari, inshorar lafiya, kuɗin tsufa. Na kai wa Hajiya na ce an yi kuskure. Ta sa tabarau ta duba, ta ce ba kuskure, haka abin yake. Ta ɗauki biro ta ce in faɗa mata abin da ke kaina. Haya. Mota da inshorarta da mai. Bashin gwamnati. Bashin kamfani. Kati. Abin da nake aikawa gida. Ta ja layi, ta daɗe tana kallon takardar.

"Ƙanena, wa ya sa ka ci na kamfanin nan?"

Na gaya mata. Ta ce, "Allah ya isa." Sannan ta ce albashin ƙaramin nas ba laifi gare shi ga wanda ya fito da ɗan bashi kaɗan, ta ga yara da yawa sun biya nasu sun wuce. Amma nawa sai in ƙara karatu in zama babban nas kamarta, sannan zan numfasa. Na ce da wane kuɗin? Ta cire tabarau ta miƙo mini takardar, don amsar mu duka mun san ta.

Aikin kuwa, tsofaffi ashirin da wani abu ne a hannuna kowace safiya. In tura keken magani ɗaki zuwa ɗaki, in auna sukari, in yi allura, in wanke gyambon kwanciya, in rubuta komai a kwamfuta, ƙararrawa tana kira ta ko'ina. Akwai wani tsoho a ɗaki na goma sha biyu, manomin masara ne a da, hannuwansa kamar na Baba. Ba ya gane 'ya'yansa, amma kullum sai ya tambaye ni ko an yi ruwa. Wata rana na nuna masa hoton gero a wayata, ya riƙe wayar da hannu biyu ya ce wannan wace irin masara ce, kuma gonar wa ce. Na ce ta babana ce. Ya ce in gaya masa kada ya sayar.

A gida kuwa suna ya riga ya tafi. Gidanmu ya zama gidan Likita. Wayata ba ta hutawa: wannan matarsa za a yi wa aiki, wancan ɗansa ya samu makaranta, wani ma hoton ƙurjin ƙafarsa ya aiko in rubuta masa magani. Ina aika abin da zan iya da wanda ba zan iya ba, don kada a ce Likita ya yi rowa. Na riƙa karɓar aikin ƙarin lokaci har ƙafafuna suka kumbura. Sani ya ce mini an yi wa Baba aikin ido a Katsina, na ce madalla. Aka aurar da ƙanwarmu da kayan ɗaki da aka yi ta magana a kansu a unguwa. Sani ya samu sabon babur yana haya tsakanin Zango da Daura. Na san abin da na aika bai kai ko rabin wannan ba. Zuciyata ta ce tambayi inda kuɗin suka fito, amma mai ɓoye abu ba ya son a fara tambaye-tambaye, sai na yi shiru.

Sau ɗaya na kusa faɗa wa Baba gaskiya. Bayan ƙaramar salla ne, Baba ya karɓi waya ya ce, "Likita, maganar gonar nan fa?"

"Baɗi, in Allah ya yarda, Baba."

"To, ba gaggawa. Na gaya wa Isiya kuɗinsa kamar suna aljihunsa ne. Ina dai son in sake kama fartanya a cikinta kafin ƙarfina ya ƙare, shi ke nan."

Na buɗe baki, sai na ji ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Likita," ya miƙa wa Sani wayar. A makon nan na je banki na nemi rance in fanshi gonar. Wata yarinya ta danna kwamfuta, ta yi mini murmushin nan nasu, ta ce sunana ya ɓaci a wajen masu ba da bashi saboda watannin da na kasa biya. Na je wuri na biyu, haka. Na roƙi kamfanin su sassauta mini, suka ce za su iya ƙara mini shekaru, ruwan kuma ya ci gaba.

Damina ta biyar, ranar wata Talata, ƙarfe bakwai na safe a wajenmu, ina karɓar makullin keken magani, Sani ya kira. Ya ce Baba ya fita zaure da hantsi ya zauna, ya ce kansa yana juyawa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Za a yi jana'iza bayan la'asar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya riƙe da makulli. Ba mai karɓata, mutum biyu ba su zo aiki ba a ranar, kuma ko an sake ni ina za ni? Ko kuɗin jirgi ba ni da su, ko ina da su ba a jiran kowa da gawa. Na tura kekena na shiga ɗaki na ɗaya na ce ina kwana. Na ba mutum goma sha tara magani, ina duba kowace ƙwaya sau uku. Wajen sha ɗaya Hajiya Memuna ta zo ta zare makullin daga wuyana ta ce, "Je ka. Ni zan riƙe."

Na shiga ɗan ɗakin da ake ajiye zannuwan gado na rufe ƙofa. Sani ya kira, ya ce an fito da Baba ƙofar gida, ya buɗe muryar wayar don in ji. Ina jin takun mutane, ina jin tari, ina jin wani babur ya wuce an ce ya kashe. Na gane muryoyi da yawa. Sai liman ya yi sallama ya yi abin da ake yi kafin a sallaci kowa a garinmu: ya ce ga Malam Haruna a kwance, duk wanda yake binsa bashi ya faɗa yanzu a gaban jama'a, don kada a kai bawan Allah kabari da nauyin wani a wuyansa.

Sai na ji muryar Alhaji Isiya, a hankali, kamar ba ya so.

Ya ce shi da marigayi ba su taɓa saɓawa ba, kuma ba don liman ya tambaya ba da bai yi magana a yau ba. Ya ce akwai kuɗin jingina na farko, kowa ya sani. Bayan haka marigayi ya zo sau huɗu ya ƙara karɓa a kan gonar: na aikin ido, na kayan ɗaki, na babur, da wani na hidimar mutanen da ke zuwa gida neman taimako. Kowane karo da shaidu, ga su nan a tsaye. Kowane karo marigayi yakan ce Likita zai biya gaba ɗaya. Ya faɗi jimillar. Na ji mutane sun ja numfashi, don kuɗin sun kusa kai darajar gonar kanta. Ya ce shi ma ya tsufa, ciwo yana cinsa, yana son ya rarrabe dukiyarsa da ta mutane tun yana da rai. In magada za su biya zuwa kaka, gona tasu ce. In ba hali, a bar masa ita a yafe wa juna.

Liman ya ce, "To, alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Babban ɗa yana ji daga Amurka. Sani, matso da wayar. Likita, ka ji abin da aka ce. Ka ɗauke wa mahaifinka?"

Kalma uku ake faɗa a wurin nan: ya dawo kaina. Na ji 'ya'yan talakawa sun faɗe ta a jana'iza ba sau ɗaya ba, suna faɗa ana cewa Allah ya yi albarka. Bakina ya riga ya shirya ta. Amma wanda ya faɗe ta a gaban gawa, a gaban Allah ya faɗa, kuma kaka wata uku ne. Na san abin da ke asusuna har kwabo. Na san wurare biyu sun kore ni. Na taɓa cewa to a kan bashi ban duba ba, na kuma taɓa cewa amin a kan sunan da ba nawa ba, ga inda suka kawo mu. Ina tsaye tsakanin tarin zannuwa masu warin sabulu, ƙararrawar wani ɗaki tana ta kira a waje.

"Likita? Ko layin ya yanke?"

Na ce, "Malam, ina ji. Ba ni da shi."

"Me ka ce?"

"Ba ni da shi, Malam. Ni ba likita ba ne. Ma'aikacin jinya ne, ƙarami. Bashin da ke kaina a nan ya fi wanda ke kan Baba."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Gari guda a tsaye, ubana a kwance cikin likkafani a gabansu, ba wanda ya ko yi tari. Can sai na ji muryar Sani, ya ce, "A bar wa Alhaji gonar. A sallaci Baba." Liman ya tambayi shaidu, suka ce sun shaida. Alhaji Isiya ya ce ya yafe. Aka ta da kabbara, na bi su daga cikin ɗakin zannuwa, ban ma san ko alƙibla nake kallo ba.

Bayan kwana uku Sani ya kira ni. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Yaya, da ka faɗa tun farko, wallahi Baba ba zai ƙara karɓar ko sisi ba. Aikin idon ma cewa ya yi a bari, sai da aka ce masa ai ɗanka likita ne." Na ce na sani. Ya ce Inna tana gaishe ni. Ba ta karɓi wayar ba.

Wayata ta huta tun daga ranar, ba mai aiko hoton ƙurji. Ina nan a gidan tsofaffin, ina tura keke. Tsohon ɗaki na goma sha biyu yana nan yana tambayata ko an yi ruwa, na daina nuna masa hoto. Kowane farkon wata kamfanin yana cire nasa, ya aiko mini da saƙon godiya.

Da kaka ta yi, babur ɗin Sani ya lalace, ba kuɗin gyara, sai ya shiga ƙwadago. Na tambaye shi a gonar wa. Ya ce Alhaji Isiya ne ya nemi masu yankan gero, kuma ya yi masa kirki, ya ba shi dami biyu bayan kuɗin aikinsa.

"Geron ya yi kyau bana, Yaya," in ji shi. "Musamman wajen gawon nan."

Na ce masa ya kai wa Inna damin. Ni kuma saura shekara goma sha ɗaya in gama biya.